Biki Na Wata Shida, Lambu Na Shekara Ɗari: Taƙaitaccen Tarihin Bukukuwan Lambu A Jamus Da Birtaniya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar bikin buɗe wani sabon aiki ya san yadda ranar take kasancewa. Za a kafa rumfuna, a jera kujeru, babban baƙo ya zo ya yanke ƙyalle, a yi tafi, a ci a sha, a watse. Abin da ba kasafai ake tambaya ba a ranar shi ne, wa zai zo wurin nan gobe da safe da tsintsiya da bokitin ruwa? Kuma daga aljihun wa za a biya shi?

A kan wannan tambaya ce nake so in gina ɗan tarihin da na kawo mana a wannan fitowa ta mujallarmu. Tarihi ne na wani irin biki da ake yi a ƙasashen Turai, wanda suke kira bikin lambu. A wurin wannan biki masu tsara lambu da masu renon tsirrai da furanni sukan hallara, kowa ya baje kolin gwanintarsa, jama'a kuma su biya kuɗi su shiga kallo. Bikin iri biyu ne. Akwai na 'yan kwanaki, akwai kuma wanda akan shafe kusan wata shida ana yi, daga wajen watan Afrilu ko Mayu, lokacin da sanyi ya sake su, har zuwa watan Oktoba. Mai karatu zai iya ɗauka cewa wannan sha'ani ne na waɗanda suka ci suka ƙoshi. To, amma in muka bi tarihin a hankali za mu ga cewa da wannan biki ne wasu birane suka warkar da ƙasar da yaƙi da masana'antu suka lalata, wasu kuma suka kashe maƙudan kuɗi suka tashi a tutar babu. Abin da ya raba waɗannan da waɗancan shi ne abin da aka tanada wa filin bayan 'yan kallo sun koma gida.

Tsohon Salo: Nuna Kyau Da Gwaninta

Kafin mu je ga wancan, ya kamata mu san inda aka faro. A shekarar 1804 aka kafa wata ƙungiya ta masu sha'awar aikin lambu a birnin Landan, wadda daga baya gidan sarautar Ingila ya ba ta sunansa, ake kiranta RHS a taƙaice. A shekarar 1862 ƙungiyar ta fara wani babban baje koli na furanni a unguwar Kensington. Daga 1888 zuwa 1911 aka riƙa yin sa a wani lambu da ke tsakiyar Landan, sa'an nan a shekarar 1913 aka mai da shi harabar gidan tsofaffin sojoji da ke unguwar Chelsea. Tun daga lokacin ake kiransa bikin furanni na Chelsea, kuma a cikin watan Mayu aka saba yin sa. An dakatar da shi a 1917 da 1918 saboda Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kuma sake dakatarwa lokacin Yaƙi na Biyu sa'ad da sojoji suka karɓe filin, bai dawo ba sai a 1947.

A wancan zamani manufar bikin ita ce nuna kyau da gwaninta. Wa ya fi kowa manyan furanni? Wa ya kawo tsiron da ba a taɓa gani ba daga Sin ko Japan ko Afirka ta Kudu? Akan sa tsirrai a ɗakunan gilashi masu ɗumi don a tilasta musu yin fure kafin lokacinsu, wasu kuma a sa su a ɗakin sanyi don a jinkirta su, duk dai don su buɗe a makon bikin. Akan jido manyan duwatsu daga nesa a gina lambu sukutum cikin kimanin mako uku, a yi kallonsa na 'yan kwanaki, sa'an nan a rushe. Ba wanda ya damu da inda duwatsun da ƙasar da tsirran za su ƙare. Mu ajiye Chelsea a nan tukuna, za mu komo gare ta.

Jamus Bayan Yaƙi

Waɗanda suka fara juya akalar wannan biki zuwa wani abu dabam su ne Jamusawa, kuma larura ce ta sa su. Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, galibin manyan biranen Jamus sun zama kufai. Ko'ina ka duba ɓaraguzan gini ne jibge, ga yunwa, ga rashin wurin kwana. A cikin wannan hali ne Jamus ta Yamma ta shirya bikin lambu na tarayya na farko a birnin Hannover a shekarar 1951. Sukan taƙaita sunan bikin su ce BUGA. Aka tsai da shawarar a riƙa yin sa duk bayan shekara biyu, kowane karo a wani birni dabam.

Misalin da ya fi fito da hikimar abin shi ne na birnin Kassel. A daren 22 ga Oktoba 1943 jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa birnin ruwan bama-bamai, tsohon garin ya ƙone ƙurmus, dubban mutane suka halaka. Da aka zo share gari, sai aka riƙa jibge ɓaraguzan a wani gangare da ya raba birnin da tsohon lambun sarakunansu mai suna Karlsaue. Da aka ba Kassel bikin 1955, wani mai tsara lambu da ake kira Hermann Mattern bai ce a kwashe ɓaraguzan a kai wani wuri ba. Sai ya sa aka daidaita su hawa-hawa kamar matakala, aka rufe da ƙasa mai kyau, aka dasa wardi da sauran tsirrai a kai. Jujin yaƙi ya zama tudun furanni. A gefen wannan biki ne kuma wani malamin zane, Arnold Bode, ya shirya nunin zane-zane mai suna documenta, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan nune-nunen fasaha na duniya.

Haka aka yi a birnin Kolon a 1957, inda aka mai da filin da yaƙi ya ragargaza a bakin kogin Rhine ya zama wurin shan iska mai suna Rheinpark. Da zamanin ɓaraguzan yaƙi ya wuce, sai suka juya ga ƙasar da masana'antu suka ci suka bari. A birnin Munich an samar da Westpark don bikin 1983. A Gelsenkirchen an rufe mahaƙar kwal ta Nordstern a 1993, kafin shekara huɗu, wato a 1997, an yi bikin lambu a kanta, aka bar tsofaffin gine-ginen mahaƙar a tsaye a tsakiyar shuke-shuken don 'yan baya su san abin da iyayensu suka yi a wurin. A 2007 kuma aka yi irinsa a Gera da Ronneburg, inda aka shafe shekaru ana haƙar ma'adinin yuraniyom a zamanin Jamus ta Gabas.

Abin lura a nan shi ne tsarin da suke bi. Birnin da ke son bikin yakan nema tun saura shekaru masu yawa, ya nuna filin da yake so ya gyara. Akan fara zana lambun da zai dawwama tukuna, sa'an nan a ɗora kayan biki a kansa. Akan dasa bishiyoyi da wuri don su kama ƙasa kafin ranar buɗewa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In an gama biki sai a kwashe rumfuna da furannin ado, a bar bishiyoyi da tafkuna da hanyoyi da gadoji a hannun hukumar birnin, wadda ta riga ta san nauyin kula da su a kanta yake. Shi ya sa duk wuraren nan da na ambata suka rayu suka zama wuraren shan iska na jama'a.

Yadda Ake Raya Matacciyar Ƙasa

Watakila mai karatu ya ce, yaya za a yi fure ya tsiro a kan juji ko a kan tokar masana'anta? Aiki ne mai matakai. Da farko akan haƙa ramuka a wurare dabam-dabam a ɗebi ƙasar a auna, don a san irin gubar da ke ciki. Abin da ya yi muni ƙwarai, kamar ƙasar da ta sha mai ko kwalta, akan kwashe shi. In tsohuwar bola ce, akan rufe ta da laka mai kauri a daddaɓe, don kada ruwan sama ya ratsa sharar ya kwashi dauɗa zuwa kogi. Shara in tana ruɓewa a ƙarƙashin ƙasa tana fitar da iskar gas mai kama wuta, wadda kuma ke kashe saiwar bishiya, saboda haka akan binne bututu a janye ta. Bayan wannan sai a shimfiɗa ƙasar noma a sama.

Daga nan aikin mai tsara lambu ke farawa. Shi ne zai duba inda iska ke fitowa ya tayar da tudu don ya kare shuka. Shi ne zai duba inda ruwa ke gangarawa ya yi tafki a can, maimakon a bar ruwan ya yi zaizaya. Ba ya fara dasa bishiyoyi masu tsada. Yakan fara da masu jure wahala, irin wata bishiya da suke kira alda, wadda saiwarta ke ƙara wa ƙasa taki kamar yadda wake da gawo ke yi a gonakinmu. In waɗannan suka yi inuwa, ganyensu ya zuba ya ruɓe, sai masu laushi su samu wurin zama. Ashe ke nan wannan aiki ba ya son gaggawa, kuma shekarun da ke biyo bayan dashe sun fi ranar dashen muhimmanci.

Birtaniya Ta Ari Dabarar

Birnin Liverpool ba baƙo ba ne ga tarihin ƙasarmu. Daga can jiragen ruwan kamfanin Elder Dempster ke tasowa zuwa Ikko, su koma da manja da gyaɗa da koko da katako, kuma da yawa daga cikin magabatanmu da suka je karatu Ingila ta ruwa a can suka fara taka ƙasa. To, amma da cinikin Birtaniya ya karkata zuwa Turai, aka kuma koma ɗaukar kaya cikin kwantena, wadda ba ta bukatar 'yan dako da yawa, sai birnin ya shiga wani hali. A 1972 aka rufe tashoshin jiragen ruwa na kudancin birnin. Rashin aikin yi ya yi katutu. A watan Yuli na 1981 tarzoma ta ɓarke a unguwar Toxteth, aka yi kwanaki ana artabu tsakanin matasa da 'yan sanda, aka ƙone gine-gine da dama.

Ministan muhalli na gwamnatin Margaret Thatcher a lokacin, Michael Heseltine, ya je ya yi makonni a birnin yana ganawa da jama'a. Yana daga cikin matakan da aka ɗauka a ari dabarar nan ta Jamusawa, kuma a fara da Liverpool. Aka zaɓi wani fili a bakin kogin Mersey mai faɗin kimanin hekta 95, wato fiye da filayen ƙwallo 100 a haɗe. A cikinsa akwai tsohuwar tashar jirgi, da wurin tankunan mai, da makekiyar bolar birnin. Aka damƙa aikin ga wata hukuma da gwamnatin tsakiya ta kafa a 1981 don raya yankin, aka kuma ba ta ƙasa da shekara uku.

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, amma a wannan karo uwar ɗiya ba ta ji kunya ba. Ranar 2 ga Mayu 1984 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe bikin. An shirya lambuna kimanin 60, ciki har da na ƙasar Sin mai hasumiya da na Japan mai tafki da duwatsu. An gina wani katafaren zaure mai rufin kumbo, ga kuma ɗan ƙaramin jirgin ƙasa da ke zagayawa da 'yan kallo. Kafin a rufe ranar 14 ga Oktoba, mutum kusan miliyan 3 da dubu 400 sun shiga. Mutanen da suka saba jin sunan Liverpool tare da tarzoma da yajin aiki suka zo suka ga furanni. Ta wannan fuska kam, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Bayan An Watse

A nan ne gizo ke saƙar. Birtaniya ta ari bikin, amma ba ta ari abin da ke ƙarƙashinsa ba. Tunanin gwamnati shi ne bikin zai jawo hankalin 'yan kasuwa, su zo su sayi filin su yi gine-gine. Ba a fayyace wanda zai riƙe lambunan ba, ba a kuma ware kuɗin kula da su na dogon lokaci ba. Hukumar da ta shirya bikin ta wucin gadi ce, majalisar birnin kuma a lokacin ba ta ga maciji da gwamnatin tsakiya, ga shi aljihunta babu nauyi.

An gina gidaje a wani sashe na filin. Wani sashen aka mai da shi wurin wasannin yara, shi ma aka rufe shi a 1997. Daga nan sai aka kulle ƙofa. Ciyawa ta haɗiye hanyoyi, tafkuna suka toshe, ɓata-gari suka lalata gine-ginen lambun Sin da na Japan. A 2006 aka rushe babban zauren nan. Sai a 2012, wato shekara 28 bayan bikin, aka sake buɗe wani ɓangare na lambunan bayan an kashe sabon kuɗi wajen gyara. A 2015 majalisar birnin ta sayi filin. Da aka zo batun gina gidaje a sauran wurin, sai ga shi dole a tono sharar nan da aka binne tun kafin 1984, a tace ta, a kwashe abin da ba shi da amfani. Da ƙasar da aka tace ne aka tayar da wani sabon filin shan iska a kudancin wurin, wanda aka buɗe a 2023. Aikin da aka yi cikin gaggawa a shekara uku, sai da aka kwashe kusan shekara 40 ana biyan bashinsa.

Sauran Huɗun

Bayan Liverpool an yi irin wannan biki sau huɗu, duk bayan shekara biyu. A 1986 aka yi a Stoke-on-Trent, a kan filin masana'antar ƙarfe ta Shelton Bar wadda ta daina narka ƙarfe a 1978. Mutum fiye da miliyan 2 suka halarta. A nan an ɗan yi dabara, domin an bar tudun da aka dasa wa bishiyoyi ya zama kurmi, aka gina kantuna da ofisoshi da gidan silima a sauran filin.

A 1988 aka yi a Glasgow ta ƙasar Skotlan, a wata tsohuwar tashar jiragen ruwa a bakin kogin Clyde. Wannan shi ya fi kowanne jama'a, mutum miliyan 4 da dubu 300. Ya kuma taimaka ƙwarai wajen wanke sunan birnin, wanda a 1990 ya zama birnin al'adu na Turai. Amma tun kafin a fara bikin an riga an sayar da yawancin filin ga wani kamfanin gina gidaje. Ana gamawa aka tumɓuke lambunan, sai kuma kasuwar gidaje ta faɗi, filin ya zauna fayau shekara da shekaru. Sai a 2001 aka buɗe cibiyar kimiyya a wurin, a 2007 kuma gidan rediyo da talabijin na BBC ya tare a sabon ofishinsa a can. Abin da ya rage na lambun ɗan kaɗan ne.

A 1990 aka yi a Gateshead, a filin da ake sarrafa kwal da iskar gas, mutum fiye da miliyan 3 suka je, daga bisani aka gina gidaje a mafi yawan wurin. Na ƙarshe shi ne na Ebbw Vale a yankin Wales a 1992, shi ma a kan tsohuwar masana'antar ƙarfe, mutum kimanin miliyan 2 suka halarta. Daga nan gwamnati ta dakatar da shirin. In aka haɗa duka biyar ɗin, an samu 'yan kallo kimanin miliyan 15.

Adalci shi ne a faɗi cewa bukukuwan nan sun yi amfani. Filaye biyar da guba ta hana a yi komai a kansu sun samu gyara cikin ɗan lokaci, abin da watakila da ba a sa ranar biki ba, da takardunsa sun daɗe suna yawo daga wannan tebur zuwa wancan. Sa rana yana tilasta wa ma'aikatu su haɗa kai. Amma in aka auna da ma'aunin lambu, aka ajiye Rheinpark na 1957 kusa da filin Liverpool na 1984, bambancin a fili yake.

Chelsea Ta Sake Lale

Yanzu mu koma Chelsea, inda muka bar su suna gina lambu a mako uku suna rushewa. Canji ya fara shigowa nan ta hannun wata mata mai suna Beth Chatto, wadda aka haifa a 1923 ta rasu a 2018. A shekarar 1960 ta fara lambu a wani fili kusa da garin Colchester, a yankin Essex, wanda manoma suka raina saboda wani sashensa tsakuwa ce wani kuma dausayi. Ka'idarta ɗaya ce, a dubi wuri tukuna, sa'an nan a nemo tsiron da irin wannan wuri ya dace da shi. Mai son inuwa a kai shi inuwa, mai son laima a kai shi bakin ruwa, mai jure ƙishi a ba shi tsakuwa. Daga 1977 ta ci lambar zinariya sau 10 a jere a Chelsea, da tsirran da wasu ke yi wa kallon ciyawar daji. A 1978 ta wallafa littafi a kan lambun da ba ya bukatar ruwa da yawa.

A farkon shekarun 1990 ta ɗauki filin da baƙinta ke ajiye motoci ta mai da shi lambun tsakuwa. Yankin nata na daga cikin mafiya ƙarancin ruwan sama a Ingila, wajen milimita 500 a shekara, abin da bai kai na Kano ba, ko da yake nasu a warwatse yake zuwa cikin shekara kuma ranarsu ba ta da zafin tamu. Ta gyara ƙasar da takin gargajiya, ta jiƙa tsirran sosai lokacin dashe, sa'an nan ta ce ba za a ƙara ba su ruwa ba sai wanda ya sauko daga sama. Wanda ya mutu a maye gurbinsa da wanda ya fi shi juriya. Lambun ya rayu, ya kuma zama makaranta ga masu tsara lambu na ƙasashe da yawa.

Sannu a hankali wannan tunani ya mamaye bikin. Aka fara tambayar daga ina kayan ke zuwa, kuma ina za su. Alal misali, masu renon tsirrai a Turai sun daɗe suna cika tukwanensu da wata baƙar ƙasa mai laushi da ake haƙowa daga dausayi. Wannan ƙasa ruɓaɓɓun tsirrai ne da suka taru cikin dubban shekaru, kaurinta ba ya ƙaruwa sai da kimanin milimita 1 a shekara. Irin wannan dausayi bai wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma sinadarin kabon da ya riƙe ya fi na dukkan dazuzzukan duniya. In aka haƙe shi ya bushe, sai kabon ɗin ya tashi sama ya ƙara ɗumamar yanayi. Saboda haka ƙungiyar RHS ta ɗauki alkawarin raba kanta da wannan ƙasa. A 2021 ta hana amfani da soson roba da ake soka furanni a ciki, a 2022 kuma ta hana shimfiɗa ciyawar roba a bukukuwanta.

A bikin 2022 lambun da ya zo na ɗaya ya ba mutane mamaki. Lulu Urquhart da Adam Hunt ne suka tsara shi, suka kwaikwayi bakin rafi inda wata dabbar ruwa mai suna biba, mai kama da ƙatuwar gafiya, ke tara itace ta datse ruwa. Babu furannin ado, sai ciyayi da itatuwan ƙasar. Aka yi ta muhawara, wasu na ganin wannan ai daji ne aka kawo cikin gari, wasu na ganin nan gaba ta dosa.

Canjin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne wanda ya zo a 2023. Daga wannan shekara ƙungiyar ta shar'anta cewa duk mai son ya gina lambu a Chelsea sai ya nuna inda lambun ko kayansa za su koma bayan biki. Lambun da ya zo na ɗaya a shekarar, wanda Charlotte Harris da Hugo Bugg suka tsara, an yi shi ne domin masu ciwon laka da ke kan keken guragu. An yi hanyoyinsa sumul, an dasa tsirran daidai yadda wanda ke kwance ko zaune zai gan su. Da aka gama kallo sai aka kwashe shi zuwa wata cibiyar jinyar masu ciwon laka da ke birnin Sheffield. Bayan shekara 110 da fara bikin, Chelsea ta zo ga tambayar da Jamusawa suka fara da ita tun 1951.

Kammalawa

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu yau muna zaune a kujerun da ake kawo mana takardun ayyuka mu duba, wasu a ma'aikatun gwamnati, wasu a kamfanoni, wasu a kwamitocin unguwa. Tarihin nan ya bar mana tambayoyi uku da suka cancanci a yi su kafin a buga katin gayyata. Ta farko, filin nan na wane ne washegarin biki, kuma an rubuta haka a takarda? Ta biyu, a wane kasafi aka sa albashin mai ban ruwa da mai shara na shekara goma masu zuwa? Ta uku, abin da aka dasa zai iya rayuwa da ruwan da wurin ke samu da irin ƙasar da ke wurin, ko kuwa sai an yi ta ɗora masa?

Kassel da Kolon sun amsa tambayoyin nan kafin su buɗe ƙofa, jikokin waɗanda suka kwashe ɓaraguzan yaƙi suka gaji inuwa. Liverpool ta bar amsar sai bayan biki, ta biya kuɗin aiki sau biyu, yaran da aka kai kallon furanni a 1984 kuma sai da suka haifi nasu 'ya'yan kafin a sake buɗe musu ƙofar lambun. Masu iya magana dai sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.